Ranar da Aka Tsare Wakena a Mararaba

Ranar da aka tsare mini mota guda ta wake a kasuwar Mararaba ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda ku matasan ƙungiyarmu kun fara ɗaukar kaya kuna yin kudu da shi, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi a tasha an ƙara masa gishiri.

Kun dai san ni. Da awo na fara a kasuwar Gwiwa ta ƙasar Kazaure, mudu a hannu, buhu ɗaya a gabana. Daga nan na sayi keke, na sayi babur, har Allah ya kai ni ga ɗaukar shatar mota. Sana'ata wake ce. Ina saye da kaka a ƙauyukan Gwiwa da Roni da Babura, in adana, in fitar idan damina ta kankama kaya sun yi ƙaranci. Shekara da shekaru kasuwar Dawanau ta Kano ce iyakata. Can nake sauke kaya, 'yan kudu su saya su wuce. Ban taɓa bin waken na ga bakin da yake cin sa ba.

Wanda ya ja ni Mararaba shi ne Malam Bukar, Babarbare ne daga Babura, ya daɗe da komawa can yana sayar da hatsi. Mahaifiyata Bafulatana ce, saboda haka akwai wasa tsakanina da shi tun muna samari. Kullum ya kira ni a waya sai ya ce ɗan Fulani ya fi gane bin bayan shanu da bin bayan riba, in ba haka ba me zai sa in riƙa barin wani yana cin ribar hanya. Ya yi ta yi har na gaji. Wata damina na ce masa ya shirya tabarma, ga ni nan.

Ga wanda bai san aikinmu ba, sai na yi bayanin adana wake, don a nan maganar take. Babban abokin gabar wake shi ne ƙwaro. Tun daga gona yake shiga, kuma in aka yi sakaci, kafin damina buhu ya koma gari. Wasu suna maganinsa da fiya-fiya ko wani maganin feshi, abin da bai kamata ya kusanci abinci ba. Mu a gidanmu, da yawancin manoman da nake saye a wurinsu, hanyar iyaye muke bi. A shanya waken ya bushe ƙarau, a gauraya shi da dakakken busasshen barkono, wasu su ƙara toka, a ɗure a rufe. Barkono ba ya kashe ƙwaro duka, amma yana hana shi sakewa ya hayayyafa. Kafin lodi kuma a sake shanyawa a sheƙe. A wannan tafiyar hadari ya matsa mana, direba yana ta ƙorafin hanya, saboda haka akwai wasu buhuna daga wajen Roni da aka ɗora ba a sheƙe ba. Na san akwai 'yan ƙwari a gindinsu.

Kayan kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai na manoman da suka ba ni amana, suka ce in sayar musu a can tunda an ce ya fi daraja.

Mun bi ta Kano, Zariya, Kaduna, muka ratsa gefen Abuja, muka isa da yamma. Mararaba a jihar Nasarawa take, amma ba za ka iya nuna inda Abuja ta ƙare ita ta fara ba, sai dai ka ga titi ya cushe, hayaniya ta ƙaru. Washegari da sassafe Malam Bukar ya fito da ni bakin babban titi don in gani da idona. Mutane ne kamar an buɗe dam, duk sun nufi gefe guda: masu kwat, masu kayan sarki, mata da kulolin abinci a ka, leburori da shebur a kafaɗa. Ya ce mini duk waɗannan su ne suke riƙe da Abuja, amma Abuja ba ta da wurin kwanansu. Da yamma za su sake kwararowa gida, kuma kowa a cikinsu sai ya ci abinci. Ya ce, “To ɗan Fulani, ka ga garken da nake kiwo.”

Gidan da yake haya ma abin kallo ne. Mai gidan mutumin Gbagyi ne, waɗanda mu muke kira Gwari, kuma a can na koyi cewa sun fi son a kira su da sunan da suke kiran kansu. A ɗaki na kusa da nasa akwai wata ma'aikaciyar asibiti 'yar Tibi, gaba da ita tela Bayerabe, sai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, sai ɗan sanda daga ƙasar Idoma. Famfo ɗaya suke ɗiba, igiyar shanya ɗaya. Da asuba ka ji kiran salla ta gabas, ba jimawa ka ji waƙar coci ta yamma, babu wanda ya ɗaga kai. 'Ya'yansu suna wasa da Hausa, su yi faɗa da Turancin buroka, uwa ta kira ɗanta da yarensu ya amsa. Matar telan ta aiko mini da ruwan wanka mai zafi ba tare da ta san ko sunana ba.

Ƙa'idar kasuwar ita ce baƙo ba ya sauke kaya sai mai masaukinsa ya kai shi ofishin ƙungiya an san da shi, an ba motarsa wuri, sannan a buɗe kaya a gaban shugabannin masu awo. An ce mu bari sai washegari. Na ce da Malam Bukar to ni ba zan wuni a zaune ba, ya zaga da ni layin masu wake.

Na ga abubuwa a ranar. Yarabawa jan wake suke nema, mai zaƙi, wanda zai narke a tukunya. Matan Ibo sun fi son fari mai manyan ƙwaya don ƙosai da alele. Masu abincin bakin titi ba ruwansu da launi, su dai wanda zai nuna da wuri ya rage musu gawayi. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. A wajenmu mai saye yana ɗaukar ƙwaya ne ya gartsa da haƙori, ya ji bushewarta. A can babu wanda na ga ya kai wake bakinsa. Kowace mace sai ta cika tafin hannu ta kai hanci ta shinshina, sannan ta yi ciniki. Da na tambaya, Malam Bukar ya ce ba a daɗe ba aka kwashi wasu 'yan gida ɗaya zuwa asibiti bayan sun ci wake, aka bi sawu aka samu buhun da aka zuba wa magani. Tun daga nan ƙungiya ta yanke cewa duk kayan da aka kama da magani za a ƙone su a juji, kuma garin da suka fito ba za a ƙara sauke wakensa a kasuwar ba.

A zagayen nan ya gabatar da ni ga Iya Bose, shugabar masu awon wake, dattijuwar Bayerabiya da ta yi ƙuruciyarta a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar tawa. Na rusuna na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ta ji an ce mutanen Kazaure ba sa cin abin da suke sayarwa. Na ce Iya, wanda ya faɗa miki haka bai taɓa kwana a Kazaure ba. Ta ce gobe ma rana ce.

Da za a sauke kaya, Malam Bukar ya ja ni gefe ya ce a sa 'yan dako su tura buhunan Roni can ƙurya, masu kyau su zo gaba. Wannan ba ha'inci ba ne, kowa yana fara nuna abin da ya fi kyau. Aka yi haka. Shugaban kasuwar ya zo, wani dattijon Gbagyi mai suna Baba Shekwolo, mutum ne mai magana a hankali. Iya Bose ta zo da matan layinta, cikinsu har da Madam Ngozi mai gidan abinci, wadda aka ce ita kaɗai tana iya ɗauke kaso mai tsoka na mota.

Aka farke bakin buhun farko. Madam Ngozi ta cusa hannu ta cika tafi, ta kai hanci ta ja numfashi da ƙarfi. Ba sai na faɗa muku abin da barkonon Gwiwa yake yi wa hanci ba. Ta hau atishawa ba ƙaƙƙautawa, hawaye na zuba, ta watsar da waken tana goge ido da hannun da ta ɗebo shi, abin ya ƙara muni. Ta kusa da ita ta shinshina, ita ma ta kama tari. Kafin in buɗe baki maganar ta zaga layin cikin yare kusan biyar, kuma duk abu ɗaya ake cewa: magani ne. Mutane suka fara taruwa. Direbana ya shige mota ya kulle ƙofa.

Na ce barkono ne. Na ɗebo na nuna musu jan garin a tafin hannuna. Iya Bose ta ce ita ma ta san barkono, amma wanda aka kama kwanan baya ma barkonon ya barbaɗa a sama don ya ɓoye warin magani. Baba Shekwolo ya sa aka ja igiya aka kewaye kayan, ya ce babu mai taɓa buhu, za a kira duba-gari, in ya ga da shakka a bi abin da ƙungiya ta yanke.

Na tsaya ina kallon igiyar nan. Asarar kaya na san ta, kasuwanci ya gaje ta. Abin da ya dame ni shi ne in koma Roni in ce wa dattawa an ƙone amanarsu a juji da sunan guba, sannan duk ɗan Kazaure da zai zo bayana a ce masa juya, mun san wakenku. Malam Bukar yana ta rantsuwa a madadina, amma a garin da kowa da abin da yake rantsuwa da shi, rantsuwa ba ta da nauyin da muka saba.

Sai na tuna buhunan ƙurya. Na nemi izinin Baba Shekwolo a fito mini da ɗaya daga ciki. Malam Bukar ya damƙe mini hannu, ya ce a hankali, “Alhaji, kanka ɗaya kuwa? Ana zarginka da magani, za ka ƙara musu da ƙwari?”

Na ce, “Bar ni, Babarbare. Yau su ne shaiduna.”

Aka shimfiɗa tamfol, na sa aka juye buhun gaba ɗaya. Da gindin ya zubo sai ga su nan, 'yan ƙananan ƙwari suna ta gudu a kan tamfol suna neman mafaka. Tunda na fara sana'a ban taɓa nuna wa mai saye ƙwaro da hannuna ba sai ran nan. Na ce wa jama'a su duba da kyau, ƙwarin nan watanni suka yi a cikin buhun nan. In da akwai magani, da gawarsu za mu gani.

Madam Ngozi, idonta har yanzu jawur, ta ce wato na taso tun daga Jigawa don in sayar musu da wake da namansa a ciki. Aka yi dariya, kuma dariyar ta rage zafin wurin. Amma Iya Bose ba ta yi ba. Ta ce wannan buhun ya wanke kansa, to sauran fa, waɗanda babu ko ƙwaro ɗaya a cikinsu? Ai tsabtarsu ce abin tsoro.

Gaskiya ta faɗa, kuma na ji daɗin yadda ta yi tunani irin na ɗan kasuwa. Na ce to a samo robobin ruwa masu haske, a huda murafensu don iska ta shiga. Ita da kanta ta zaɓi duk buhun da ta ga dama, a ɗebi wake daga tsakiyarsa a zuba a roba, a kama ƙwarin nan a jefa a ciki, a ajiye a gaban kowa har la'asar. In suka mutu, ni da hannuna zan kunna wa kayan wuta. Baba Shekwolo ya ce akwai ragowar waken da aka kama kwanaki a ofishin ƙungiya, a zuba shi ma a roba guda, don a ga ko gwajin yana aiki. Da duba-gari ya iso ya ji tsarin, ya ce bai hana ba, zai zauna ya gani, kuma zai ɗebi nasa ya tafi da shi. Manyan mata da zannuwansu masu tsada suka durƙusa suna farautar ƙwaro da 'yan yatsu.

Iya Bose ta shiga cikin kayan tana zaɓa. Yawancin waɗanda ta nuna, ni ne na adana su da kaina, ban damu ba. Na ƙarshe da ta ɗora wa hannu kuwa, gabana ya faɗi. Buhu ne mai ɗinkin shuɗin zare, na Baffa Jauro, wani dattijon Bafulatani a rugar da ke bayan Roni, wanda ya haɗa kiwo da noma. Ana gobe za mu tashi ya aiko da nasa a amalanke, a ɗinke. Ban ga lokacin da aka ɗura ba. Na tambaye shi da me ya adana, ya ce barkono da toka, ban ƙara tambaya ba, don a wajenmu ba ka sa dattijo ya maimaita magana. Yanzu ga sunan ƙasarmu duka a rataye a kan kalma biyun nan. Na san 'ya'yansa suna zuwa kasuwar Kazaure, na kuma san abin da ake tallatawa a can cikin ƙananan kwalabe. Aka ɗiba aka rufe.

Aka jera robobin a kan benci a inuwa. Madam Ngozi ta ce ita fa ba ƙwari take ciyarwa a shagonta ba, mutane ne, saboda haka mai kaya ya ci a gani. Kun san mu. Magidanci ba ya zama a tsakiyar kasuwa yana cin abinci, balle a gaban mata. Mahaifina har ya rasu ban taɓa ganin yana tauna ko gyaɗa a hanya ba. Malam Bukar ya fara yi musu bayanin haka, na tsayar da shi. Na ce a dafa, kuma a haɗa da na buhu mai shuɗin zare.

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Madam Ngozi ta aika aka sayo sabuwar tukunya fil, ta ɗaga ta nuna mini, ta ce kada in yi zargin abin da aka taɓa dafawa a ciki, kuma manja da busasshen kifi kaɗai za ta sa. Matar da take tuhumata da guba ita ce take tsare mini addinina. Iya Bose ta ce ba za a bar baƙo ya tafi yana zaton haka ake dafa wake ba, ta sa aka surfa wani aka kai inji, a yi alele a ganye. Wata 'yar Tibi mai sayar da doya ta ce su duka biyun ba su iya ba, ta ɗora nata da doya. Gardama ta koma tsakaninsu, kowace tana kushe girkin 'yar'uwarta, ni da nake kan tuhuma har aka manta da ni na ɗan lokaci.

Kafin azahar ƙwarin da ke cikin waken ofishin ƙungiya duk sun juya ciki sama. Yanzu kowa ya ga gwajin ba wasa ba ne. Na je na yi salla na dawo, ban yarda na kalli bencin ba.

Aka kawo abinci kwano uku. Na wanke hannu, na yi bismilla, na ci a gaban jama'ar da ban san iyakarta ba. Na ci na Madam, na ci alelen Iya, na ci na mai doya. Suka matsa sai na faɗi wanda ya fi daɗi. Na ce ni baƙo ne mai son ya sake dawowa, ba zan amsa wannan ba. Ina cikin ci Baba Shekwolo ya ja kujera ya wanke hannu ya sa a kwanona. Malam Bukar ya biyo shi, yana cewa ba zai bar ɗan Fulani ya mutu shi kaɗai a hannunsa ba.

Da la'asar Iya Bose ta ɗauki robobin ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa a rana tana girgizawa. A kowace ƙwarin suna hawa bango. Ta ƙarshe ita ce ta Baffa Jauro. Ta girgiza, ba motsi. Ta sake girgizawa ta matso da ita kusa da ido. Sai ga ɗaya ya fito daga ƙarƙashin ƙwaya, wani ya biyo shi, suka kama hanyar murfi. Ta ajiye robar ta dubi Baba Shekwolo.

Ta ce, “Ciyaman, a kwance igiyar nan. Alhaji Kazaure, ka yi haƙuri. Mu ma 'ya'ya ne da mu.”

Na ce, “Iya, da ba ki bincika ba, da ban yarda da kasuwarku ba.”

Kafin rana ta faɗi babu buhun da ba a yi cinikinsa ba. Na Roni na ce a rage musu farashi saboda ƙwarin, Madam Ngozi ta kwashe su duka tana cewa ai su ne masu shaida. Tun daga shekarar nake kai kaya can, kuma duk wanda ya sauka a cikinku ya ce daga Kazaure yake, ya ga yadda ake karɓarsa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. A gida sunan mahaifinka yana yi maka ciniki. A gari irin Mararaba babu wanda ya san gidanku, yare daban, addini daban, abin da ya haɗa ku kawai shi ne kowa yana son ya ciyar da iyalinsa ya kwana lafiya. Kada ku ji haushi in an tuhume ku, kuma kada ku tsaya rantsuwa. Ku nemi abin da kowa zai gani da idonsa, ko da abin kunyarku ne. Kuma ku san a wurin wa kuke saye, don ran da aka ja muku igiya, gaskiyar manomin da kuka baro a ƙauye ce za ta tsaya muku ko ta kayar da ku.

Da na dawo na hau babur na tafi rugar bayan Roni takanas. Na samu Baffa Jauro yana gyaran turke, na zauna na ba shi labarin tun daga farko, har da yadda gabana ya faɗi da aka zaɓi buhunsa. Na zaci zai yi murna. Sai ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi.

Ya ce, “Gabanka ya faɗi? Yaro, daga rumbun da jikokina suke ci na ɗebo maka.”